Odin, Thor da Sauransu: Su Wane Ne Manyan Allolin Mutanen Viking?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ina yawan cin karo da sunayen Thor da Odin da Loki a finafinai da wasannin waya, an kuma ce mini asalinsu abubuwan bautar mutanen arewacin Turai ne. Su wane ne manya a cikinsu, kuma wa ke gaba da kowa? Sannan da gaske Thor da Loki wa da ƙane ne?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ta ƙarshen ce mai sauƙi, don haka da ita zan fara: a'a, masu littattafan zane da masu fim ne suka ƙulla wannan zumunci. A tsofaffin waƙoƙin, Loki ɗan wani ƙato ne mai suna Farbauti, kuma wanda suka haɗa jini da shi suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka shi ne Odin, mahaifin Thor. In ma sahu za a bi, Loki tsaran baban Thor ne.

Maganar wa ke gaba da kowa kuwa tana da amsa biyu. In littafi ka tambaya, zai ce maka Odin. In ka tambayi ƙasa, wato sunayen garuruwa da gonaki, sunayen da iyaye suka raɗa wa 'ya'yansu, da abin da aka tono a kaburbura, Thor ne zai fito gaba, Freyr na biye da shi. Waɗannan ukun su ne manya. Bayansu akwai Freyja da Frigg a mata, sai Njord, Tyr, Baldur da Heimdall. Loki yana cikin kusan kowane labari, amma babu wata shaida cewa wani ya taɓa yi masa yanka. Ka kuma sani tarihi muke yi, in na ce alloli ina nufin abin da su mutanen suka ɗauka alloli.

Mutanen su ne kakannin 'yan Denmak da Norwe da Suwidin da Aislan na yau, musamman a zamanin da ake kira na Viking, tun daga harin da suka kai gidan ibadar Lindisfarne a Ingila a 793 har zuwa wajen 1066. Suna da haruffansu da suke sassaƙawa a dutse da itace, amma ba su bar littafin addini ba, kuma kowane yanki da yadda yake tasa bautar. Abin da ya iso mana a rubuce Kiristoci ne suka rubuta. Aislan ta karɓi Kiristanci a 999 ko 1000. Sai da aka yi shekara fiye da 200, wajen 1220, sannan wani attajiri, ɗan siyasa kuma mawaƙi mai suna Snorri Sturluson ya tsara labaran a littafinsa Edda. Abin da ya dame shi waƙa ce. Waƙar fada ta ƙasarsu cike take da kirari mai lulluɓi: mawaƙi ba zai ce zinariya kai tsaye ba, sai ya ce hawayen Freyja ko gashin Sif matar Thor, kuma wanda bai san labaran ba ya tashi a tutar babu. Shi ya sa Snorri ya rubuta wa matasan mawaƙa jagora, ya kuma buɗe shi da cewa allolin nan mutane ne masu wayo da suka taso daga birnin Troy, na arewa suka ga bajintarsu suka ɗauke su abin bauta. Ɗaya tushen shi ne kundin tsofaffin waƙoƙi da aka kwafa a fata wajen 1270, wanda ya shiga hannun wani bishop na Aislan a 1643, aka kai shi Denmak, sai a 1971 ya koma gida.

To ka lura da abu ɗaya. Odin shi ne uban gidan mawaƙa da sarakunan da ke ciyar da su, kuma ta bakin mawaƙan nan kusan duk labarin ya biyo. So duk so ne, amma son kai ya fi. Manomin da ya yi shekara hamsin yana kiran Thor a kan ruwan sama bai bar mana ko baiti ɗaya ba.

Shaidar waɗanda suka rayu lokacin da ake bautar kaɗan ce, kuma ɗaya daga cikin mafi daraja Musulmi ne ya bar ta. Ahmad Ibn Fadlan, wanda ya tafi cikin tawagar Halifa al-Muƙtadir daga Bagadaza, ya haɗu da fataken Rus a bakin kogin Volga a 922, kuma galibin masana na ganin asalin mutanen nan daga arewacin Turai ne. Ya ce da farke ya sauko daga jirgi sai ya ɗauki gurasa da nama da albasa da madara da giya, ya nufi wani dogon gungume mai fuska irin ta mutum, kewaye da ƙananan gumaka. Zai faɗi gabansa ya lissafa hajarsa ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi a kawo masa mai saye mai dinari da dirhami da yawa, wanda ba zai ja ciniki ba. In kasuwa ta ƙi, sai ya koma wurin ƙananan ya nemi su sa baki, yana cewa su ne mata da 'ya'yan ubangijinsa. In ta yi kyau ya yanka dabbobi ya ajiye nama a gindin gungumen, da dare karnuka su cinye, shi kuma ya ce an karɓa. Ibn Fadlan bai faɗi sunan gunkin ba. Wanda ya kawo sunaye shi ne Adam na Bremen, malamin coci Bajamushe, wajen 1075, duk da cewa shi ma ji ya yi. Ya ce a ɗakin bauta na Uppsala a Suwidin gumaka uku ne, kuma na tsakiya, mafi ƙarfinsu, Thor ne, Odin da Freyr na gefe da gefe. In annoba ko yunwa ta taso a yi wa Thor yanka, in yaƙi ne Odin, in biki ne Freyr.

Allolin gida biyu ne. Akwai Aesir, gidan Odin da Thor da Tyr, masu yaƙi da mulki, akwai kuma Vanir, gidan Njord da 'ya'yansa Freyr da Freyja, masu albarkar gona da teku da haihuwa. Sun gwabza yaƙi, aka rasa mai kayar da wani, sai suka yi sulhu suka yi musayar mutane, ta haka Njord da 'ya'yansa suka tare a Asgard, birnin Aesir. Abokan gabarsu na dindindin su ne ƙattai, sai dai gabar irin ta cikin dangi ce: mahaifiyar Odin 'yar ƙattai ce, haka matar Freyr, haka matar Njord. Alloli na auro 'ya'yan ƙattai, amma duk ƙaton da ya nemi auren 'yar alloli kansa ya jawo wa mutuwa. Snorri ya ce allolin maza 12 ne, amma in ka ƙirga waɗanda ya jero har da Odin da Loki za ka sami 14, don haka kada lissafin ya ɗaure maka kai.

Odin ba ya kama da sarkin da ke zaune a fada ana yi masa fifita. Tsoho ne mai ido ɗaya, da malfa mai faɗi da yake ja ta rufe rabin fuska, yana yawo a duniya da sunaye sama da ɗari, yau matafiyi, gobe mai fito a bakin kogi. Idon nan ya bayar da shi ne jingina a rijiyar Mimir don ya sha ruwan hikima. Haruffan asiri kuwa sai da ya rataye kansa dare tara a kan Yggdrasil, bishiyar da ke riƙe da duniyoyi, soke da mashi, ba ci ba sha, ya miƙa kansa hadaya ga kansa, sannan ya same su. Baiwar waƙa sato ta ya yi. Giyar zuma ce da wani ƙato ya ɓoye a cikin dutse ya sa 'yarsa Gunnlod gadi. Odin ya rikiɗa maciji ya shiga ta rami, ya kwana uku da yarinyar har ta yarje masa kurɓi uku, da kurɓi ukun ya ƙarar da tukwane uku, ya zama mikiya ya tsere. Snorri, wanda ba ya rasa tsiya, ya ce ɗan abin da ya kuɓuce wa mikiyar ta baya saboda tsananin gudu shi ne rabon mawaƙan da ba su iya ba. Yana da hankaki biyu, Huginn da Muninn, masu zaga duniya kullum su dawo su raɗa masa abin da suka gani, da kyarketai biyu da yake miƙa wa abincinsa domin shi giya kawai yake sha, da doki mai ƙafa takwas, Sleipnir. Yana kuma yin wani irin tsafi da mutanen ke ganin aikin mata ne, abin kunya ga namiji, har Loki ya taɓa yi masa gori a kai a bainar jama'a.

Abin da ya fi muhimmanci ka sani game da shi shi ne ba a amince masa. Zai ba jarumi nasara shekara da shekaru, rana ɗaya ya juya masa baya a tsakiyar fage. Dalilin yana Valhalla, zaurensa mai ƙofa 540, wadda kowacce mayaƙa 800 za su iya fita ta cikinta a jere. Can 'yan matansa, Valkyrie, ke kai waɗanda suka faɗi a yaƙi, su wuni suna sara da suka, da yamma su tashi garau su ci naman alade su sha giya. Runduna yake tarawa. A wata waƙar makoki da aka yi wa Sarki Eirik mai laƙabin Gatarin Jini, wanda aka kashe a 954, an tambayi Odin me ya sa ya hana Eirik nasara alhali ya san jarumi ne, sai ya amsa cewa ba wanda ya san ranar da ƙaton kyarkecin nan Fenrir, ɗan Loki, zai auka wa mazaunin alloli. Ma'ana gwanintarka ce ke jawo maka ajali, domin gwanaye yake bukata. Irin wannan abin bauta ya dace da sarki da ɗan yaƙi da mawaƙi, mutanen da rayuwarsu caca ce. Mafi tsufan rubutun da ke ɗauke da sunansa ma a jikin abin wuyan zinariya yake, cikin dukiyar da aka tono a Vindelev ta Denmak a 2020, masana suka karanta shi a 2023, kuma na ƙarni na 5 ne. Kayan manya ne. Birnin Odense a Denmak sunansa ya ci, amma a Aislan, ƙasar manoma da makiyaya da ba ta da sarki, da wuya ka sami wurin da aka sa wa sunan Odin.

Thor kuwa kowa nasa ne. Ɗan Odin ne da Jord, wato ƙasa, jibgege mai jan gemu, mai saurin fushi da saurin hucewa, mai ci kamar ba gobe. Aikinsa ɗaya, tsare alloli da mutane daga ƙattai. Yana tafiya a karusar da bunsuraye biyu ke ja, in yunwa ta kama shi a hanya ya yanka su ya ci, da safe ya tattara ƙasusuwan a kan fatun ya ɗaga gudumarsa su miƙe. Gudumar, Mjolnir, in ya jefa ba ta kuskure, kuma hannunsa take komowa. Aibinta ɗaya, gajeriyar ƙota. Wasu wadanni biyu maƙera ne suka ƙera ta bisa caca da Loki, wanda ya ce in ya faɗi a sare masa kai. Ana tsakiyar aiki wani ƙuda ya ciji mai zuga a fatar ido har jini ya rufe masa gani, ya saki zugazugi na ɗan lokaci don ya kore shi, ƙotar ta fito guntuwa. Ba sai an gaya maka wane ne ƙudan ba.

Labarin da ya fi nuna yadda mutanen suka ɗauki Thor shi ne na ranar da ya farka ya laluba bai ji gudumarsa ba. Loki ya ari rigar fuka-fukan Freyja ya tashi bincike, ya gano wani sarkin ƙattai, Thrym, ya binne ta can ƙarƙashin ƙasa, kuma ya ce ba zai fito da ita ba sai an ba shi Freyja aure. Da aka kai wa Freyja maganar ta yi fushin da sai da sarƙar wuyanta ta tsinke. Heimdall ne ya kawo shawarar a yi wa Thor kwalliyar amarya. Thor ya ce za a mayar da shi abin dariya, Loki ya ce ya yi shiru, in babu gudumar nan ƙattai sun kusa tarewa a Asgard. Aka sa masa sarƙa, aka rataya masa makullai a ƙugu, aka yi masa lulluɓi, Loki ya shiga kayan mata a matsayin ƙawar amarya. A wurin walima amarya ta cinye sa guda, da manyan kifaye takwas, da duk kayan daɗin da aka tanadar wa mata, ta kora da ganga uku ta giya. Ango ya ce shi bai taɓa ganin amarya mai irin wannan ci ba. Ƙawa ta ce ai kwana takwas ba ta sa komai a baki ba don ɗokin zuwa gidansa. Ango ya ɗaga lulluɓi zai sumbace ta, ya yi tsalle da baya har ƙarshen zaure, ya ce me ya sa idanunta ke ci kamar wuta. Ƙawa ta ce kwana takwas ba ta runtsa ba, duk don ɗoki. Sai ango ya ce a kawo guduma a ɗora a cinyar amarya don a sa wa auren albarka. Daga nan ba a bar ko ɗaya da rai ba a dangin ango.

Mutane ba sa yin irin wannan raha da wanda suke ɗari-ɗari da shi. Thor na gida ne, kuma labarin ya nuna gudumar tana sa albarka kamar yadda take kisa. Duba sunayen mutanen da suka fara zama a Aislan: Thorstein, Thorgeir, Thorkel, Thorunn, Thordis, maza da mata, ba iyaka, alhali da ƙyar za ka ga wanda aka raɗa wa sunan Odin. Babban birnin tsibiran Faro, Torshavn, tashar jirgin Thor ke nan. An tono ƙananan gudumomi na ratayawa a wuya wajen 1,000, daga Ingila har Rasha, galibinsu na baƙin ƙarfe ko azurfa, kuma a 2014 aka sami ɗaya a tsibirin Lolland na Denmak da aka rubuta a jikinta cewa wannan guduma ce. Su kansu mawaƙan sun san da wannan rabo. A wata waƙa Odin ya ɓad da kama ya tsaya a hayin ruwa yana zagin ɗansa, ya ce masa manyan da suka faɗi a yaƙi nasa ne, Thor kuwa bayi ne rabonsa.

Freyr shi ke da ruwan sama da hasken rana da amfanin gona da zaman lafiya, kuma tsohon gidan sarautar Suwidin daga gare shi suke jan salsalarsu. Yana da jirgin ruwa da ake naɗewa a sa a jaka, da aladen daji mai gashin zinariya. Labarinsa guda ne mai ƙarfi: ya hau kujerar Odin da ake hango duk duniya daga kanta, ya hangi Gerd 'yar ƙattai, so ya kwantar da shi, ya ba baransa Skirnir takobinsa mai yaƙi da kansa don ya je ya nemo masa aurenta. Ya sami mata, ya rasa takobi, kuma zai neme shi ranar da babu. Mahaifinsa Njord na masunta ne da matuƙan jirgi da masu neman dukiya. Aurensa abin dariya ne da tausayi. Skadi 'yar ƙattai ta zo neman diyyar mahaifinta da alloli suka kashe, aka ce ta zaɓi miji a cikinsu amma ƙafafu kawai za ta gani. Ta nuna mafi kyawun ƙafa tana zaton Baldur ne, ashe Njord ne. Suka yi yarjejeniyar kwana tara a duwatsunta, sannan su sauko bakin tekunsa. Shi kukan kyarketai ya hana shi sakat, ita kukan tsuntsayen teku ya hana ta barci, aure ya mutu.

Freyja ana yawan taƙaita ta da cewa allahiyar soyayya ce, kuma a ganina an rage mata mudu. Gaskiya ne ana kiranta a kan so da haihuwa, tana hawa karusar da kyanwoyi ke ja, tana zubar da hawayen zinariya saboda mijinta Od da ya yi nisan tafiya. Amma ita ta koya wa Aesir tsafin nan da Odin ke yi, kuma wata tsohuwar waƙa ta ce rabin waɗanda suka faɗi a yaƙi nata ne, Odin rabi. Frigg, matar Odin, ta san makomar kowa amma ba ta faɗa. Heimdall mai gadi ne a bakin Bifrost, gadar bakan gizo, barcinsa bai kai na tsuntsu ba, yana jin tsirowar ciyawa da ta gashin tunkiya, yana riƙe da ƙahon da zai busa ranar ƙarshe.

Tyr babban labarinsa ɗaya ne, amma ya isa. Alloli sun ga kyarkeci Fenrir, ɗan Loki, yana girma fiye da kima, suka ɗaure shi da sarƙa sau biyu yana tsinkewa. Sai wadanni suka yi musu wata igiya mai laushi kamar alharini daga abubuwa shida: ƙarar takun kyanwa, gemun mace, saiwar dutse, jijiyar dabbar beyar, numfashin kifi da yawun tsuntsu. Kyarkecin ya ji a jikinsa akwai makirci, ya ce ba zai yarda ba sai wani ya sa hannu a bakinsa jingina. Kowa ya sunkuyar da kai sai Tyr. Igiya ta kama, kowa ya yi dariya banda shi, domin hannunsa na dama ya tafi. Ka ga a nan ma da rantsuwar ƙarya alloli suka ci nasara.

Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo zai gane Loki nan take: shi ke jefa jama'a cikin rami, shi kuma ke fito da su da wata dabarar, ya rikiɗa kifi, ya rikiɗa ƙuda, har goɗiya ya taɓa zama ya haifi dokin Odin. Sai dai wasan Loki ya ƙare da jini. Baldur, ɗan Odin da Frigg, mafi kyau da farin jini a cikinsu, ya fara mafarkin mutuwarsa. Uwarsa ta zaga ta karɓi rantsuwa daga wuta da ruwa da ƙarfe da duwatsu da cututtuka da dabbobi cewa ba za su cuce shi ba, har alloli suka mayar da jifansa wasa tunda komai ba ya kama shi. Loki ya shiga siffar mace ya je ya bugi cikin Frigg, ta ce abu ɗaya ta tsallake, kauci, don ta ga ya yi ƙanƙanta da rantsuwa. Ya tsinko shi ya miƙa wa Hod, makahon ɗan'uwan Baldur, ya saita masa hannu. Baldur ya faɗi matacce. Aka aika wurin Hel, 'yar Loki mai mulkin matattu, ta ce za ta sake shi in komai na duniya ya yi masa kuka. Komai ya yi, har duwatsu, sai wata tsohuwa a kogo da ta ce busassun hawaye za ta yi masa, abin da Hel ta riƙe ta ci gaba da riƙewa. An ce Loki ne. Alloli suka kama shi suka ɗaure da hanjin ɗansa, suka rataya maciji yana ɗiga masa dafi a fuska. Matarsa Sigyn na tare dafin da kwano, in ta juya zubarwa ya ɗiga masa ya yi birgima, wai ita ce girgizar ƙasa. Wannan ruwayar Snorri ce. Saxo, marubucin Denmak na wajen 1200, ya kawo labarin ba Loki a ciki sam: Baldur da Hod jarumai ne biyu masu takarar mace ɗaya, kuma takobi ne ya yi kisan.

Allolin nan suna tsufa, tuffar da Idunn ke ajiyewa ce ke mayar da su samari, kuma suna mutuwa. Sun ma san yadda za su mutu. Za a yi hunturu uku a jere ba bazara a tsakani, 'yan'uwa su kashe juna, duk abin da aka ɗaure ya kwance, Heimdall ya busa ƙaho. Wannan ita ce Ragnarok. Fenrir zai haɗiye Odin da duk tanadin da ya yi, ɗansa Vidar ya yaga bakin kyarkecin. Thor zai kashe macijin da ya kewaye duniya, ya yi taku tara dafi ya kayar da shi. Freyr zai fuskanci Surt mai takobin wuta ba tare da nasa takobin ba. Heimdall da Loki su kashe juna, wuta ta cinye komai, ƙasa ta nutse a teku. Bayan haka wata ƙasar za ta taso kore shar, Baldur da Hod su dawo, 'ya'yan Thor biyu su gaji guduma, mutum biyu da suka ɓuya a kurmi su sake cika duniya. Masana na muhawara kan ko wannan sabuwar duniyar tsohon tunani ne ko tasirin Kiristanci, tunda waƙar da ta kawo ta ana ganin an tsara ta ne a daidai lokacin da addinan biyu ke gogayya.

Akwai kuma wani mai suna Ull da ya kamata ka sani. A littattafan layi kaɗan ne rabonsa, maharbi ne gwanin tafiya a kan ƙanƙara, shi ke nan. Amma wurare da yawa a Norwe da Suwidin na ɗauke da sunansa, alamar an taɓa bauta masa sosai, labarinsa ne bai kai ga alƙalamin mutanen Aislan ba.

Bautar ba rana ɗaya ta mutu ba. Sarkin Denmak Harald, wanda fasahar Bluetooth ta wayarka ta ci laƙabinsa, ya karɓi Kiristanci wajen 965, ya sa aka sassaƙa a dutsen Jelling cewa shi ya mayar da mutanen Denmak Kiristoci. A Aislan majalisa ce ta ɗora wa mai faɗin doka, Thorgeir, alhakin yanke hukunci, shi kuwa mai bautar gargajiya ne. Ya lulluɓa da mayafi yini da kwana, ya tashi ya ce kowa ya shiga Kiristanci don kada ƙasa ta rabu biyu, amma mai son yanka ya yi a ɓoye. Suwidin ce ta zo ƙarshe. A tsakanin nan mutane da yawa sun riƙe biyu. An ruwaito cewa Helgi, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zama a arewacin Aislan, ya yi imani da Almasihu amma in zai shiga teku ko abu ya yi tsanani Thor yake kira. A Denmak an tono wani dutsen zubi na maƙeri mai gurbin gicciye da gurbin guduma a jiki ɗaya, kowane mai saye da abin da zai rataya.

Sunayen ranakun Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a a Turanci daga Tyr da Odin da Thor da Frigg suke, ta hanyar sunayen da kakannin Turawan Ingila ke kiransu da su. A Aislan kuma wasu sun farfaɗo da bautar, gwamnati ta amince da ƙungiyarsu a 1973, kuma shugabanninta na da izinin ɗaura aure da raɗin suna da jana'iza.